Bitamin da magungunan ƙarin gina jiki: wanne yaro ke bukata, wanne ne ɓarnar kuɗi?

A kantunan magani na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, siron bitamin na yara yana cikin kayan da suka fi tafiya. Uwa kan saye shi don yaronta ya ƙi cin abinci, ko ya rame bayan masassara, ko kuma don maƙwabciya ta ce ɗanta ya yi ƙiba da shi. A gefe guda kuma, ma'aikatan kiwon lafiya suna raba ƙwayar bitamin A kyauta, amma akwai gidajen da yaransu ke tsallake ta. Amsar da masana suka tsaya a kai ta kasu gida biyu. Akwai ƴan sinadarai kaɗan da aka tabbatar suna ceton ran yaro a ƙasa irin Nijar, kuma kusan dukansu ana samun su a cibiyar kiwon lafiya ba tare da kuɗi mai yawa ba. Sauran kwalaben da ake tallatawa, yaro mai lafiya da ke cin abinci iri-iri ba ya bukatar su, wasu ma suna iya cutar da shi.

Mene ne bitamin?

Bitamin sinadarai ne da jiki ke bukata ƙanƙane ƙwarai, amma ba ya iya ƙera yawancinsu da kansa, sai ya samo su daga abinci. Guda 13 ne: A, C, D, E, K da rukunin B mai guda takwas. Ban da su akwai ma'adanai, kamar sinadarin ƙarfe wanda likitoci ke rubutawa fer, da zink, da iyod, da kalsiyom. Babu ɗaya cikinsu da ke ƙosarwa ko ke ba da ƙarfi kamar tuwo. Aikinsu shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa abin da aka ci, ya yi jini, ya gina ƙashi da ƙwaƙwalwa, ya kuma yaƙi cuta.

Akwai bambancin da ya kamata iyaye su riƙe. Bitamin C da na rukunin B suna narkewa cikin ruwa, don haka mafi yawan abin da ya yi rara fitsari ke fitar da shi. Su kuwa A, D, E da K cikin mai suke narkewa, jiki yana tara su a hanta da kitse. Shi ya sa ƙwaya guda ta bitamin A ke iya riƙe yaro watanni, kuma shi ya sa yawan shan ta ke zama guba.

Halin da yaran Nijar ke ciki

A ƙasashe masu arziki, likitoci sukan ce yawancin yara ba su bukatar ƙarin bitamin, domin abincinsu ya wadatar. Wannan magana ba ta zauna daidai a kan Nijar ba. Binciken gina jiki na ƙasa da ake kira SMART ya nuna a 2022 cewa kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma kimanin kashi 12 suna fama da tamowa mai ramarwa. Jihohin Maraɗi da Damagaram, duk da su ne rumbun hatsin ƙasa, suna cikin waɗanda tsumburewa ta fi yawa. Babban binciken lafiya na 2012 kuma ya gano ƙarancin jini a jikin yara fiye da bakwai cikin goma masu wata 6 zuwa 59.

Dalilin yana cikin kwanon abinci. Yaro kan wuni da koko, hura da tuwon hatsi. Ciki ya cika, amma nama, ƙwai, wake da ƴaƴan itace ba su shiga sai jefi-jefi. Masana suna kiran wannan ɓoyayyar yunwa, domin ba a ganin ta da ido sai ta yi nisa. Abin yana ƙara tsanani daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai zo ba, ga kuma masassarar cizon sauro da zawo suna ƙarar da ɗan abin da jiki ya tara.

Daga haihuwa zuwa wata shida

Jaririn da aka haifa a asibiti ana yi masa allurar bitamin K sau ɗaya. Jarirai suna zuwa duniya da ƙarancinsa, kuma rashinsa kan jawo zubar jini ta cibiya, ta hanji, ko cikin ƙwaƙwalwa. Wanda aka haifa a gida, ya kamata a kai shi cibiyar kiwon lafiya da wuri, a kuma tambaya game da wannan allura, musamman idan za a yi masa wani abu mai fitar da jini a ranar suna.

Bayan wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata shida, ba ruwa, ba bauri, ba siro. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya da wasu ke matsewa su zubar, yana cike da bitamin A da sinadaran kariya. Ko a zafin watan Afrilu, ruwan da ke cikin nono ya wadatar da jariri matuƙar ana ba shi duk lokacin da ya nema. Binciken 2012 ya nuna jariri ɗaya ne kawai cikin huɗu, ko ƙasa da haka, ke samun nono zalla a Nijar. Ba a ba jariri ɗan ƙasa da wata shida ƙwayar bitamin A ta kamfe. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙaramin nauyi su ne likita kan rubuta wa ƙarfe ko bitamin D tun da wuri, domin ba su samu lokacin tara isasshe a cikin ciki ba.

Bitamin A: ƙwayar da ba a so yaro ya tsallake

Bitamin A yana kare ido, yana kuma ƙarfafa fatar cikin hanji da huhu, wadda ita ce katangar farko tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta. Alamar ƙarancinsa da Hausawa suka daɗe da sani ita ce dundumi: da magariba ta yi, yaro ya riƙa tuntuɓe, ya kasa ganin kwanon abinci. Idan abin ya yi nisa, farin ido yana bushewa, baƙin ido ya yi gyambo, makanta ta biyo baya. Amma tun kafin ido ya nuna, yaron ya riga ya fi sauran saurin mutuwa idan ƙyanda ko zawo suka kama shi.

Likitan ido ɗan Amurka Alfred Sommer ne ya fito da wannan a fili, da binciken da ya yi a yankin Aceh na Indonesiya, wanda aka wallafa a 1986. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a ƙasashe da dama sun nuna cewa raba wannan ƙwaya yana rage mutuwar ƙananan yara da kashi 12 zuwa 24 cikin 100 a inda ƙarancin ya yawaita. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, tun 1997, tare da tallafin UNICEF da ƙungiyar Helen Keller.

Ƙa'idar ita ce: yaro mai wata 6 zuwa 11 yana shan shuɗiyar ƙwaya mai ma'auni 100,000 sau ɗaya. Daga wata 12 zuwa 59 yana shan jar ƙwaya mai ma'auni 200,000 duk bayan wata huɗu zuwa shida. Ana yanke bakin ƙwayar a matse man a bakin yaro. Daga shekara ɗaya ana haɗawa da maganin tsutsar ciki, albendazol ko mebendazol. Wasu yara kan yi ɗan amai ko ciwon kai, jariri kuma maɗigarsa kan ɗan kumbura, amma yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana da kyau a rubuta ranar shan a karnen lafiyar yaro, don kada a maimaita masa kusa da kusa idan kamfe ya zo bayan an ba shi a wurin awo.

Yaron da ƙyanda ta kama yana da nasa tsari: ana ba shi ranar da aka gano cutar, a sake washegari, ko da ya sha ta kamfe. Mace mai ciki kuwa ba ta shan wannan ƙwaya ko kusa, domin ma'auni mai yawa na bitamin A yana iya nakasa ɗan tayi.

Ƙarfe da ƙarancin jini

Da sinadarin ƙarfe jiki ke yin jan jini mai ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. Jariri yana zuwa da ajiyar da ke kai shi wajen wata shida, daga nan sai abinci. Yaro mai ƙarancin jini tafin hannunsa da cikin fatar idonsa kan yi fari, yana saurin gajiya, wani kan ci ƙasa. Abin da ya fi damun masana shi ne ƙarancin ƙarfe a shekaru biyun farko yana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba duk abin da aka rasa ake maidowa daga baya ba.

OMS ta ba da shawara a 2016 cewa, a ƙasar da ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin 100 na yara, a ba masu wata 6 zuwa 23 miligiram 10 zuwa 12.5 na ƙarfe kullum, masu shekara biyu zuwa biyar kuma miligiram 30, tsawon wata uku a jere cikin shekara. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi. Ƙwayar cutar masassarar cizon sauro ita ma tana amfana da ƙarfe. Wani babban gwaji a tsibirin Pemba na Zanzibar, wanda aka wallafa a 2006, an dakatar da shi kafin lokaci, bayan an ga yaran da ake ba ƙarfe sun fi kwanciya asibiti. Saboda haka a yankin da ake masassara, ana ba da ƙarfe ne tare da kariya: kwana cikin gidan sauro, shan maganin rigakafin masassara na damina da ake raba wa ƙananan yara wata-wata, da yin gwaji da zarar jiki ya yi zafi.

Wani abin lura shi ne ba kowane ƙarancin jini ke zuwa daga rashin ƙarfe ba. Masassara tana fasa jini, tsutsar ciki tana tsotse shi, amosanin jini, wanda ake kira emasi, yana lalata shi. Yaro mai emasi, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini, ƙarfe na iya taruwa a jikinsa ya cutar da hanta da zuciya. Shi asid folik aka fi rubuta masa. Wannan ne dalilin da ya sa siron ƙarin jini ba abin saye da ka ba ne, sai an auna an san sanadi. Idan likita ya rubuta, bayan gida kan yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Kada a haɗa shi da shayi ko madara, domin suna hana hanji ɗaukarsa.

Zink: abokin ruwan gishiri da sukari

Zink yana taimaka wa girma da warkewar fatar hanji. Tun 2004, OMS da UNICEF suka ce duk yaron da ke zawo a ba shi abu biyu: garin SRO da ake damawa cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zink. Ma'aunin shi ne miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, tsawon kwana 10 zuwa 14. Ƙwayar tana narkewa cikin cokalin ruwa ko nonon uwa. Tana rage tsawon zawon, tana kuma rage dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dakatarwa da zarar zawo ya tsaya a kwana na uku, alhali kariyar tana zuwa ne daga cika kwanakin.

Iyod: maganin yana cikin gishiri

Rashin iyod ne ke kawo maƙoƙo. A jikin mai ciki da ƙaramin yaro ɓarnarsa ta fi haka, domin yana hana ƙwaƙwalwa girma yadda ya kamata. Ƙasar da ke nesa da teku kamar Nijar, abincinta ba ya ɗauke da isasshen iyod. Ba a bukatar ƙwaya ko siro a nan, gishirin da aka sa wa iyod ya wadatar, kuma dokar ƙasa ta wajabta hakan tun cikin shekarun 1990. Gishirin gargajiya irin na Bilma da na Foga galibi ba a sa masa iyod. Iyod yana gudu idan gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana ko laima, don haka a ajiye shi cikin abu mai murfi.

Bitamin D da kalsiyom

A Faransa ana ɗiga wa jarirai bitamin D kusan kowa da kowa, kuma wasu likitocin yara a biranenmu suna rubuta shi. Fata ce ke yin wannan bitamin idan rana ta taɓa ta, ita kuwa rana ba ta yi wa Nijar rowa ba. Waɗanda ke cikin haɗari su ne bakwaini, da jaririn da shi da uwarsa ba su cika fita daga ɗaki ba.

Idan aka ga ƙafafun yaro sun yi gwame ko sun lanƙwashe, wuyan hannunsa ya yi kauri, ya kuma yi jinkirin tafiya, ba lallai rashin bitamin D ba ne. Binciken da aka yi a Jos ta Najeriya, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa irin waɗannan yara rashin kalsiyom a abinci ne ya fi damun su, kuma sun warke da aka ba su shi. Nono, kindirmo, cuku, ƙananan kifi da ake ci da ƙashi, da garin kuka duk suna ɗauke da kalsiyom.

Garin ƙunshi da abincin da aka ƙarfafa

A wasu cibiyoyi da shirye-shiryen ƙungiyoyi ana raba ƴan ƙunshin gari mai haɗe da ƙarfe, zink, bitamin A da wasu sinadarai, don yara masu wata 6 zuwa 23. Ana barbaɗa ƙunshi guda a kan ɗan abincin da yaro zai iya cinyewa duka, bayan ya huce, a ba shi nan take. Ba a dafa shi, ba a zuba shi cikin ruwa ko shayi, ba a kuma raba ƙunshi guda tsakanin yara biyu.

Akwai kuma garin kunun yara da aka ƙarfafa, irin su Misola, wanda ake haɗawa da hatsi, waken soya da gujiya tare da ƙarin sinadarai. A kasuwa, man girki da aka sa wa bitamin A da fulawar da aka sa wa ƙarfe da asid folik suna ɗauke da tambarin Enrichi na ƙasashen UEMOA. Ta fannin noma, a 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, aikin cibiyar ICRISAT da INRAN, wanda ya fi hatsin da aka saba yawan ƙarfe da zink.

Biskit magani ne

Ƙunshin Plumpy'Nut, wanda mata da yawa ke kira biskit, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, aikin likita André Briend da kamfanin Nutriset. Haɗin gujiya ne da garin madara, mai, sukari, bitamin da ma'adanai. Ƙunshi guda yana da giram 92 da kalori 500. A yunwar 2005 ne duniya ta ga ƙarfinsa, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi a jihar Maraɗi, mafi yawansu suna gidajensu. Kamfanin STA yana sarrafa shi a Yamai.

An yi shi ne don yaron da tamowa mai tsanani ta kama. Ana gane shi da zaren awon damtse: ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, matsakaiciya, kore, lafiya. Kumburin ƙafafu biyu shi ma alama ce ta tsanani ko da damtse bai nuna ba. A Mirya ta jihar Damagaram ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye su auna ƴaƴansu da kansu, dabarar da ƙasashe da yawa suka ɗauka daga baya. Yaron da ke cin abinci kuma ba shi da wata cuta ana bin sa a CRENAS, yana gida. Wanda ya kasa ci ko ya galabaita ana kwantar da shi a CRENI.

Ana lissafa yawan ƙunshin ne bisa nauyin yaron. Duk wanda aka raba wa ƴan uwansa ko aka sayar a kasuwa, daga jinyarsa aka cire. Yaron da ke shan biskit ba a ƙara masa siron bitamin ko na ƙarfe, domin komai yana ciki.

Siron buɗe ciki da magungunan talla

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan bitamin na sa cin abinci yana ƙunshe da wani magani mai suna siproheptadin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, buɗe ciki illa ce ta gefe. Yana sa barci da kasala, yawansa kuma kan jawo ruɗewa da jijjiga, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu. Wanda ya fi shi haɗari shi ne deksametazon da dangoginsa, da wasu ke bai wa yara don su yi ƙiba. Kumatu kan cika, amma ruwa ne da kitse. Maganin yana raunana garkuwar jiki, yana tsayar da tsawo, yana lalata ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha, tsayar da shi farat ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya rage masa a hankali.

Ƙin cin abinci alama ce da ke da sanadi. Bayan shekara ɗaya girman yaro yana raguwa da sauri, cinsa ma haka, wannan ba ciwo ba ne matuƙar nauyinsa yana hawa a wurin awo. Wani lokaci kuma masassara ce, ko tsutsa, ko gyambon baki, ko alewa da lemun kwalba da suka cika ciki kafin lokacin abinci. Siro ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Maganin da ke yawo a kan tire cikin rana, zafi yana kashe ƙarfinsa, kuma babu mai tabbatar da abin da ke cikin kwalbar. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya da ciwon ƙoda, bayan shan siron tari da mura da aka samu gurɓace da sinadari mai guba. Duk abin da za a zuba a bakin yaro, a saye shi a farmasi ko ma'ajiyar magani mai izini, a duba ranar ƙarewarsa.

Idan an sha fiye da kima

Bitamin A da ya yi yawa yana kawo amai, ciwon kai, zubewar gashi da ciwon hanta. Bitamin D da ya yi yawa yana tara kalsiyom a jini, ya taɓa ƙoda. Hakan kan faru idan aka haɗa wa yaro kwalabe biyu ko uku masu suna daban amma abin ciki ɗaya.

Haɗarin da ya fi kusa yana cikin jakar uwa: jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo. Kowace tana ɗauke da miligiram 60 na ƙarfe, kuma kamar alewa take a idon yaro. Guda goma sun isa su jefa yaro mai kilo 10 cikin haɗarin mutuwa. Yakan fara da amai da zawo, wani lokaci da jini, sai ya yi kamar ya samu sauƙi na wasu sa'o'i, daga baya hanta ta kasa. Idan ana zaton yaro ya haɗiye su, a kai shi asibiti nan take tare da ƙunshin maganin, kada a jira alama, kada a tsaya ba shi nono ko manja.

Abin da kasuwar gari ke bayarwa

OMS da UNICEF sun kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa 23 rukuni takwas, ana so ya samu aƙalla biyar kowace rana: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake, gujiya da riɗi, madara da abin da ake yi da ita, nama, kifi da hanta, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Mai wata 6 zuwa 8 yana ci sau biyu zuwa uku, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu, ban da ɗan abin taɓawa, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Bitamin A yana cikin hanta, gwaiduwar ƙwai, manja, mangwaro, gwanda, kabewa, karoti, dankali mai jan ciki, zogala da alayyahu. Sai da ɗan mai a cikin abincin jiki ke ɗaukarsa. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙona riƙe amfaninsa. Ƙarfen da jiki ya fi ɗauka yana cikin nama, hanta da kifi. Na wake da ganye yana shiga da kyau idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemu, tumatir, gwaba ko garin ƴaƴan kuka. Hatsi yana da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zink ya hana su shiga jini. Jiƙa shi, tsirar da shi ko barin gasara ta yi tsami yana rage wannan.

Kunun yaro ya yi kaurin da ba ya zuba daga cokali da sauri, domin cikinsa ƙarami ne, tsinkakken koko ruwa ne ya fi yawa a ciki. Cokali guda na tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli, garin wake, garin busasshen kifi ko na fara, yana canja darajar kwanon gaba ɗaya. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ko jinkirin magana ba ta da tushe. Ƙwai yana cikin abinci mafi amfani ga mai wata shida zuwa sama. Kuɗin kwalbar siro guda sau da yawa sun isa sayen ƙwan kwanaki masu yawa.

Yaushe za a je asibiti?

Yaran makaranta masu lafiya ba su bukatar bitamin na kullum, kuma babu siron da aka tabbatar yana ƙara wa mai ƙoshin lafiya basira. Ƴan mata da suka fara al'ada su ne ke bukatar kulawa ta fannin ƙarfe, saboda jinin da suke rasawa wata-wata. Masu bukatar tsari na musamman daga likita su ne bakwaini, tagwaye, marayan da ba ya samun nono, mai emasi, mai tarin fuka ko sida, da mai zawon da ya wuce sati biyu.

A gaggauta zuwa cibiyar kiwon lafiya idan yaro ba ya gani da dare, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko zaren awo ya nuna ja ko rawaya, ko nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, ko ya ƙi nono da abinci gaba ɗaya. Tun 2006 doka ta tanadi kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati. Ko da an tarar wani magani ya yanke, awon nauyi da na damtse suna nan, kuma su ne ke nuna ko yaron yana bukatar ƙari. A tafi da karnen lafiyarsa, tare da duk kwalbar da ake ba shi a gida, don ma'aikacin lafiya ya ga abin da ke ciki.